Jama'ar Shagon Kwamfuta

Shiga kowane shagon kwamfuta a Kano lokacin rajistar JAMB, ka sami benci ka zauna, ka sha kallo.

Ga Malam Mai-yatsa-ɗaya, harshe a waje, yana farautar haruffa, yana tsine wa wanda ya ajiye Q a farkon layi. Ƙorafinsa da gaskiya a ciki: sunansa da ɗ ya fara, amma duk faɗin kibod babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Haka zai fita da takarda mai sunan wani.

Ga Hajiya, mai rantsuwa ita ba ta iya na'ura ba. Amma ita ce uwar adashi a WhatsApp, tana sayar da atamfa har Maraɗi, duk ta saƙon murya. Kwamfuta ce a hannunta, sai dai wadda ba ta raina mutum. Lambar sirrinta kuwa, jikoki ake tambaya.

Oga ba ya zuwa, masinja yake aikowa. Kwamfutarsa tana ofis, lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura.

Sai uban tafiyar, Injiniya. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan. Shi a ganinsa, kwamfuta mai sauƙi cin mutuncin ilimi ce. Ka kai masa taka, sai ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wa ya taɓa nan?" Ya buɗe baƙin allo, fararen rubutu su yi ta gudu har gabanka ya faɗi, sannan ya kashe ya kunna, ya ce a kawo kuɗin aiki. Bayani? "Ba za ka gane ba." Allah na tuba, ranar da ka gane, ranar kasuwarsa ta watse.

A lungu kuma ga ɗalibi daga ƙauye, ya haddace lissafi da kimiyya, amma linzamin kwamfuta ya gagare shi: ya ɗaga shi sama yana nuna allo da shi. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, irinsa suka sha wuya. A 2017 hukumar ta kawo tsarin madannai takwas: A, B, C, D na amsa, sauran huɗun na gaba, baya, miƙawa da komawa, ba ruwanka da linzami. Yara suka numfasa.

Injiniya dai har yau cewa yake an lalata jarrabawa.