Wasiƙa daga Ostareliya: Na Yi wa Motata Amarya

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Na ga wajibi ne in sanar da kai, tun kafin labari ya iske Inna a karkace, cewa an yi amarya a gidana, amma motata aka yi wa, wato na ƙara mata batir na biyu.

Sababin haka kuwa, mutanen ƙasar nan, waɗanda Allah ya hore wa gidaje masu ni'ima, ba su da buri idan hutu ya zo illa su labta wa Land Cruiser kaya su nausa Hamadar Simpson, mai tuddan rairayi sama da 1,000, su kwana a ƙasa, su ce wai shaƙatawa ce. Da abokan aiki suka ja ni sai mas'alar nama ta taso, domin inda babu kasuwa ina za a sami mahaucin da zai yi bisimilla? Tilas in yi guzurin halal tun daga birni, a ɗan firjin Engel mai cin lita 40.

To, firjin nan ba ya barci, alhali uwargida, batirin asali, ba a yi ta don hidimar dare ba, aikinta ta tayar da inji da ƙarfi guda ta koma ta huta. Idan ya kwana yana zuƙarta, da asuba ka murɗa makulli ka ji tsit, ga shi babu 'yan turi sai raƙuman daji masu kallo. Amarya ita ce mai haƙurin a sha ta sannu-sannu. Tsakaninsu an ɗaura wata 'yar na'ura mai adalcin da ban gani ba a gidaje da yawa: muddin inji yana aiki, wuta ta haura volt 13, sai ta haɗa su su ci tukunya ɗaya, da zarar an kashe kuwa sai ta raba su, kowacce da ɗakinta. Sharaɗin tawa amaryar kada a sha fiye da rabin abin da ta tara, in ba haka ba ta tsufa da wuri. Akwai ta litiyam mai yarda da kusan duka, sai dai sadakinta ya fi ƙarfina. Lefe ma an yi: waya mai kauri, da fis dab da kan batir saboda gobara, da faifan sola a rufin mota.

Na san za ka ce kilishi ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin wannan wahala, kuma gaskiyarka. Amma don Allah kada ka aiko, 'yan kwastan ɗin nan ƙwacewa za su yi. A gaida Inna, a kuma kwantar wa surukaina da hankali.

Wassalam,
Ƙaninka.