Firintar Yallaɓai

Ranar Litinin da hantsi na lafe a ƙuryar ofis ina tsara takardar neman aiki a wani kamfani, da kwamfutar ofis, da wutar ofis. Na zuba Turanci a Word son raina, har da dalilin da ya sa nake son canjin sheƙa: albashi ba ya kaiwa tsakiyar wata, shugabanmu Yallaɓai kuma taro ya fi masa aiki daɗi.

Na danna Ctrl+P. Firintar da ke gefena ko tari ba ta yi ba. Na sake dannawa, na buɗe ta, na hura mata iska, na ɗan mangare ta, na ci gaba da dannawa. Shiru.

Ashe da safe an ɗauke wuta, aka tada janareta. Ɗan bautar ƙasar da ke kula da na'urorinmu ne ya yi min bayani daga baya. Duk abin da ke kan hanyar sadarwar ofis, kwamfuta ko waya ko firinta, yana da lambarsa, adireshin IP, irin 192.168.1.20. Rauta ce ke rabon lambobin ta tsarin da ake kira DHCP, kuma tamu idan ta mutu ta tashi, sabon rabo take yi, kamar katin layi a asibiti: wanda ya riga zuwa shi ke karɓa. Firintar Yallaɓai ta riga tamu farkawa, ta karɓe lambar. Kwamfutata kuwa lamba ta sani, ba ruwanta da ɗakin da firinta take.

Ina cikin jijjiga wayar firinta sai ga masinja. "Yallaɓai na kira."

Cikina ya ɗuri ruwa. Na same shi da tarin takardu a gabansa, duk iri ɗaya, jan biro a hannu.

"Zauna, Malam. Wannan naka ne?"

"Ranka ya daɗe, wani ƙanena ne ya ce in..."

"Ƙanen naka sunanku ɗaya, ranar haihuwarku ɗaya?"

Na yi tsuru-tsuru. Bai ɗaga murya ba, wanda ni a ganina shi ne muguntar. Sai ya bi takardar layi-layi yana gyara min kurakuran rubutu. Ya ce jan layin da Word ke ja a ƙarƙashin kalma ba ado ba ne, da na danna F7 da ta nuna min su duka. Da ya iso kan maganar taro ya daɗe yana kallo, sannan ya ƙara waƙafi guda.

"Yanzu ta yi kyau. Allah ya ba da sa'a. Kuɗin takarda kuma za a cire a albashi."

Da yamma aka bai wa kowace firinta lamba ta dindindin, wadda ɗauke wuta ba ya canzawa. Washegari Yallaɓai ya kira taro na musamman kan amfani da kayan ofis, aka ɗora min rubuta rahotonsa. Kamfanin can har yau ba su kira ni ba.