Gawar da ta farka a cikin hulata

A gindin wata bagaruwa na samu wani ƙwaro, kan hanyar Gubi, rana tsaka. Ina girgiza reshe ya faɗo, ya naɗe ƙafafu, ko motsi babu. Ya kusa tsawon ɗan yatsana ƙarami, kore shar, baya ya tsuke ya yi tsini, in ka karkata shi sai wani ja-ja ya gilma a gefe. Na yi masa ta'aziyya, na jefa shi cikin hula, na mayar da ita kan sanƙona.

Nufina in je gida in tantance shi a natse. Danginsa, Buprestidae, sun haura iri 15,000, amma biyu nake zargi. Akwai Sternocera, mai kauri, da ɗan tsini a ƙirji tsakanin ƙafafu. Akwai kuma Steraspis speciosa, wanda tsutsarsa ke huda itatuwan ƙaya tana ci daga ciki. Kifa shi kawai zan yi in duba ƙirji.

Su dai ƙwarin nan mutuwar ƙarya ce makaminsu, zafi kuma shi ke tashinsu. Hula a ranar Bauchi kuwa ai tanda ce.

Mun doshi Wunti a Keke Napep sai na ji ƙafafu shida masu ƙaya suna sintiri a tsakar kaina. Na daure. Can na kai wa kaina mari.

"Ɗan nan, lafiya?" in ji wata tsohuwa a gefena.

"Lafiya lau, Inna." Na ƙara wani marin.

Ta soma a'uziyya tana matsawa. Ina cire hula ya tashi fuuu, ya bugi ƙeyar mai keke, ya dawo ya lafe a kan mayafinta mai ƙyalli. Don in kwantar mata da hankali na ce ai halinsu ne: a Ostareliya an ga mazan wani ɗan'uwansa suna hawa kwalaben giya, sun zaci mata ne, har masu binciken suka samu kyautar Ig Nobel a 2011.

"Ni ce kwalbar giyar? Don ubanka!"

Tana laftar kafaɗata da jaka, ni kuwa na kifa shi a tafin hannu ina leƙe. Ƙirji sumul, ba tsini. Steraspis ne.

Mai keke ya sauke ni tun kafin kasuwa, ya karɓi kuɗin mutum biyu.