Ni da Ramin da Ke Cikin Linux

A watan Oktoba na 2016 aka fallasa wani rami a cikin kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke juya kwamfuta. Aka sa masa suna Dirty COW. Ni kuwa a ofis ni ne "Injiniya", don haka na gyara zaman hula na shiga wurin maigidanmu Alhaji.

"Ranka ya daɗe, kafin la'asar zan toshe shi."

Kanel yana yanka ƙwaƙwalwar kwamfuta shafi-shafi, kowanne bayit 4096. Wasu shafukan na karatu ne kawai; in manhaja ta so rubutu, sai a kwafa mata nata ta yi ta ɓarna a can. To, a lokacin, idan wani yana rubutu, wani kuma yana ta cewa a yar da kwafin, sai kanel ya rikice ya rubuta a kan na asali. Kamar mai shago ne ya miƙa wa mai cin bashi littafin bashi da biro.

Alhaji ya ce sai ya gani da ido. Na shiga da asusun Sale masinja, wanda ko agogon kwamfutar ba shi da ikon canzawa. Kafin shayi ya huce, Sale ya zama mai cikakken iko. Kwamfutar kuma ta sandare, da takardun albashi a ciki.

Na ɗauko gyaran, layuka kaɗan ne, na fara haɗa sabon kanel. Ana tsakiya aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareto, na sake daga farko. Bayan isha'i kanel ya tashi lafiya lau, sai dai bai san firinta ba, bai san intanet ba.

"Wai wa ya rubuta gyaran nan?" in ji Alhaji.

"Linus Torvalds, mai abin da kansa. Ya ce tun 2005 ya taɓa gyarawa, aka warware saboda ya dami wasu manyan injinan IBM."

Alhaji ya ƙirga da yatsu.

"Mai kaya shekara 11, kai kuma kafin la'asar?"

Washegari gyaran ya iso ta hanyar sabuntawa da aka saba, danna maɓalli kawai. Kuɗin man janareto a albashina aka cire. Sale kuwa har yau in an aike shi sayen ƙosai, sai ya tambaya ko an san da wa ake magana.