Mu da Dalarmu, Littafi da Tammarsa

Bayan magariba, in iskar hunturu ta lafa, ƙofar gidan Baba mai awo ce majalisarmu a unguwarmu ta Tanut. Tabarma biyu, benci ɗaya, butar shayi bisa gawayi. Daren jiya jikarsa ce ta tado zancen. Ta dawo daga lakwal da kayenta, an zana mata uku bisa goma da jan biro a lissafi. Baba ya juya takardar, ya sake juyawa, sannan ya miƙo mini, tunda ni malamin lakwal ne.

"Mushe, duba mini nan. Yarinyar da nake bar wa awo ranar kasuwa in tafi salla, ban taɓa dawowa na tarar ko dala ta yi ciwon kai ba. Yau ita ce ba ta iya lissafi ba?"

Na kira ta. Na ce, "'Yata, a ce tiya dala ɗari da ashirin. Mutum ya auni uku, ya ba ki jika biyu. Nawa ne canjinsa?"

"Dala arba'in," in ji ta, tun mai shayi bai gama tsiyaye kofi ba.

Na buɗe kayen. Abin da ta faɗi a kansa shi ne 600 sau 3, sannan a cire 1800 daga 2000. Lissafin nan ne dai da ta warware mini yanzu da ka. Na nuna wa Baba, ya riƙe haɓa.

Haka muke a Damargu. Kuɗinmu da dala muke ƙirga shi, littafi kuwa da tamma ta sefa, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Yaro ya ga 250 a jikin kwali ya ce dala hamsin, ya ga 75 ya ce sha biyar, ya ga 500 ya ce ɗari. Raba da biyar yake yi kullum safiya, a bakin mai ƙosai, ba tare da kowa ya gaya masa sunan abin ba. Ya shigo aji kuma mu kafa shi a gaban allo yana rera jadawalin biyar da Faransanci kamar baƙon abu, in ya yi tuntuɓe mu ce kansa ba ya ja. Ƙasar da ake kira rumbun gero, inda manomi ya san dami nawa ya shiga rumbunsa, tiya nawa dami zai bayar in an sussuka, tiya wajen arba'in kuma ta cika buhu mai kilo 100, ta yaya za a ce 'ya'yanta ba su da kan lissafi? Ku je kasuwar Bakin Birji ku tsaya kusa da dillalan bisashe, ku ji yadda ake tara la'ada da ka.

Mai shayi, wanda ya bar lakwal a aji huɗu, ya ce shi lambobin Faransanci ne suka kore shi. Gaskiya ya faɗa. Bafaranshe in zai ce 97 sai ya ce huɗu, ashirin, goma, bakwai, wato ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Yaro mai kunne yana rubuta abin da ya ji, sai ka ga 420107 a kan allonsa. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Mu kuwa kakanninmu suka ce gomiya tara da bakwai. Tara nan, bakwai nan, ga lambar ta rubuta kanta. Ko "ashirin ba biyu" da tsofaffinmu ke faɗa, ai ragi ne a cikin suna. Yaran Fulani da ke ajina su ma da nasu: shida a bakinsu biyar da ɗaya ce, bakwai biyar da biyu. Duk wannan dukiya a bakin ƙofar aji muke sa su ajiye ta, tare da takalma.

Nan Madam ta gidan gaba ta leƙo. Ita ke riƙe da ajin farko, CI, kuma makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke Damagaram ta yi. Ta gaida Baba, ta tsaya daga bakin zaure.

"Mushe, kada ka ɗora wa littafi laifi. Ka buɗe jagoran malami ka gani. Cewa ya yi a fara da abin da yaro zai taɓa da hannu, sannan a zana, sannan a rubuta lamba. Mu ne muke tsallake biyun farko."

Ban musa mata ba, don na san darajar littafin nan. Shekarar da aka fara tura ni aiki, wani ƙauye ne can bayan Belbeji, cikin ƙasar Tarka, ni kaɗai ne malami, ni ne darakta. Babu wanda zan tambaya. Jagoran lissafi na INDRAP, wannan cibiya ta Yamai mai rubuta littattafan makaranta, shi ne abokin hirata da dare a gaban fitila. Shi ya koya mini kada in kai yaro ga ragi mai aro alhali bai san me ya sa 1 na cikin 12 ya fi 2 girma ba. Wanda ya tsara shi ya san hawan tsani, mataki bayan mataki. Abin da bai sani ba shi ne ƙauyen da nake. Yana ba da misali da abin da yarana ba su taɓa gani ba, su kuwa sun san gaba nawa igiyar rijiyarsu take, sun san jaki zai yi sawu nawa kafin randa ta cika. Sai na riƙe matakansa, na canja masa kaya. Ranar da za mu yi mita, da igiyar guga muka fara: wani ya auna da gabarsa, ƙaninsa ya auna da tasa, adadi ya bambanta, gardama ta kaure. A nan suka gane da kansu dalilin da ya sa ake son ma'auni ɗaya na kowa da kowa.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne dami. Jagora ya ce a yi amfani da 'yan sanduna a ɗaure goma-goma. To, mu kara muka rasa? Na sa kowane yaro ya zo da tsinken kara ɗari, muka ɗaure su da kaba, goma dami ɗaya. Ga 52 a cire 27. A da sai su rera abin da muka rera muna yara, "na ajiye, na riƙe," su ɗora ɗaya a sama, su sa ɗaya a ƙasa, ba wanda ya san daga ina ɗayan ya fito ko ina za shi. Yanzu ga dami biyar da tsinke biyu a gaban yaro. Na ce ba ni bakwai. Ya duba, biyu ne kawai a warwatse. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce, "Mushe, a kwance dami ɗaya mana." Ta kwance, tsinke ya zama sha biyu, dami ya koma huɗu. Ta ba ni bakwai, ta ba ni dami biyu, saura dami biyu da tsinke biyar. Tun daga ranar, ba mu ƙara cewa aro a ajin nan ba, kwance dami muke cewa. Wadda ta ga uwarta ta ciro dami daga rumbu ta kwance don tuwon dare, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Baba ya ce, "To, in kun san haka, me ya hana ku yi kullum?"

Madam ce ta amsa, kuma amsar tamu ce duka. Gaggawa. A takarda lakwal na buɗewa a Oktoba, amma ajin zana sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa shi, yaran ma suna gona. In rani ya tsananta, masu kiwo su tashi da 'ya'yansu neman ciyawa, ka wayi gari benci ya yi giɓi. Tsakanin nan ga manhaja mai shafuffuka tana jira. Sai malami ya shiga tsere da littafi, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a ce an gama darasi na kaza. Kwance dami yana cin sa'a guda, kwafa tana cin minti goma. Ga wani halin namu kuma: in aka kawo sababbin littattafai sai mu rufe su cikin kwali a ofishin darakta don kada su yage, gara ta riga yara karanta su. Iyaye su ma da nasu, yarinya ta kwana talla, ba mai tambayarta me aka koya yau.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Awon PASEC na 2014, wanda ake yi wa ƙasashe masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na 'yan ajin ƙarshe na firamare bai kai mizanin da ake bukata a lissafi ba. Na ji zafin wannan adadi, don na san fuskokin da ke bayansa. Kuma maganin ba daga nesa yake ba. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa, tun 1973. Sabuwar manhaja da aka fara gwadawa a 2015 ita ma cewa ta yi a soma da harshen da yaro ya tashi da shi, kuma darasi ya taso daga wani hali na rayuwarsa. Shirin "Makaranta don Kowa" da Japan ta fara tallafawa a 2004 ya kawo 'yan littattafan atisayen lissafi, inda kwamitin iyaye ke tara yara bayan tashi daga aji, kowa ya yi daidai matakinsa. A watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Takardu sun ba mu izini. Saura mu da ke riƙe da alli mu daina jin kunyar cewa gomiya a cikin aji.

Wani dattijo da ke buga dara a gefe, wanda tun ɗazu bai tanka ba, ya ɗago kai. "Mushe, ramukan nan nawa ne?" Na ce layi biyar, kowane layi shida. "To, talatin ke nan. Ka turo mini yaran in koya musu sau." Aka yi dariya, amma ni na riƙe maganar, don jadawalin shida na nan tafe mako mai zuwa.

Baba ya shiga gida ya fito da tsohuwar tiyarsa, wadda bakinta ya lotsa, da rabin tiya, ya ajiye a gabana. Ya ce gobe jikarsa za ta kai mini su aji da gero kaɗan, tunda na taɓa ce masa rabi da kwata ne ke ba yara wuya. Madam ta ce in na gama ita ma tana so. Mai shayi ya tambaya ko da tozo za a auna ko a shafe, Baba ya ce a Tanut ba a taɓa shafe tiya ba, dattijon dara ya ce a Gangara ya ga an yi. Suna cikin wannan musu aka kira isha'i. Yarinyar ta ɗauki kayenta, ta sa fensir a ƙasan 600 ɗin nan ta rubuta 120, ƙanana, sannan ta bi kakanta da buta.