Ranar da Alhaji Ya Yi Alkawarin Dala

Tun Asabar ɗin da ta wuce, idan zan je masallaci sai na zagaya ta layin masu niƙa, don kada in bi ta ƙofar gidan Mai unguwa. Kibod ne ya jawo mini, ɗan Kwatano, mai igiya.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kano. Ba takara na yi ba, ranar zaɓe ni kaɗai na zo da biro. Aikin sakatare shi ne ya rubuta abin da aka faɗa, a ƙarshen taro ya miƙe ya karanta, jama'a su ce haka aka yi. Littafin ƙungiya ya cika, sai na ce zamani ya zo, a waya zan riƙa ɗaukar bayani. Sai dai babban yatsana idan ya nufi harafi ɗaya a fuskar waya, sai ya haɗa da maƙwabtansa biyu. Wani abokin aikina ya ce ai ana jona wa waya kibod irin na kwamfuta, ko dai mai Bluetooth, ko mai igiya a haɗa da ɗan maƙalin nan da ake kira OTG, wanda ake sokawa a bakin caji. Na tambayi kuɗin mai Bluetooth, na ji, na ce ashe igiya ma ba ta da laifi.

A kasuwar 'yan waya yaron shago ya zaro mini ɗaya daga tulin kayan da aka sauke daga Turai, ya hure ƙurar, ya jona, ya shiga saitin ya kunna OTG ɗin, don wasu wayoyin sai an kunna musu da hannu. Ya buga hello, ya juyo mini da wayar. Hello kuwa raɗau. Na biya na tafi. Ku riƙe wannan kalmar, za mu dawo kanta.

Ranar Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Na zo da ɗan teburi na kaina, na jingina wayar da fulas ɗin ruwan zafi, na girke kibod a gabana. Abu biyu ya kamata ku sani. Na farko, kibod mai igiya daga batirin waya yake shan wuta, ga shi ya toshe bakin caji, don haka na rage hasken fuskar wayar har ƙarshe don caji ya kai ni magariba. Na biyu, ni da yatsa biyu nake buga rubutu, idona a kan madannai, sai na ga harafi da idona kafin in danna. Na dai lura A ta hau sama, W ta sauko ƙasa, M ta yi ƙaura can gefen L, kuma lambobi suna saman maɓallansu sai ka haɗa da Shift. Na ce kowane kamfani da tsarinsa. Tunda a rubuce suke, duk inda harafi ya je na bi shi.

Taron na kwalbatin bakin layi ne, wanda duk damina yake maida mana da ruwa cikin gidaje. Aka yi ta magana, ni kuwa ƙwas ƙwas ƙwas. Yara suka taru a bayana. Na ji wani dattijo yana cewa ƙungiya ta ci gaba, har na ƙara ƙarfin bugun don ya ji da kyau. Aka zo kan gudunmawa. Tela ya ce dubu biyu. Mai shayi ya ce dubu biyar, aka yi masa kabbara. Alhajin da ya fi kowa doguwar katanga a layin ya yi ta tarihin yadda siminti ya yi tsada, aka yi ta lallashi, da ƙyar ya ce dubu arba'in, ya ƙara da cewa a rubuta da kyau, kada gobe a ce masa hamsin. Na ce, “Alhaji, ai na'ura ba ta ƙarya.”

Da aka gama, Mai unguwa ya gyara zama ya ce, “To Malam Sakatare, a karanto mana abin da na'ura ta kama.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, an gama.” Na miƙe, na gyara hula, na ɗago wayar da igiyarta tana reto, na ƙara haske. Ga abin da ke layin farko:

Qn bude tqro dq qddu4q

Na ƙifta ido na sake dubawa. Yana nan. Na gangara ƙasa ko a can abin ya gyaru. Mai unguwa ya koma :qi unguzq. Liman ya zama Li;qn. Jama'ar da ke zaune a gabana, masu iyali, masu mutunci, sun zama Jq;q4q. Shafi bayan shafi, duk inda Hausa ta ajiye A, wayar ta kawo Q ta dasa, kuma kun san Hausa ba ta taku biyu ba tare da A ba.

A nan ne nake tsayawa duk daren da na kwanta. Da na ce batir ya mutu, da an yi mini uzuri, wa bai san halin wuta ba? Da na yi tari na zauna, da an ce mura ce. Da na karanto daga ka, da babu wanda zai gane, sai dai kan babu komai, tunda duk tsawon taron farautar haruffa nake yi, maganar tana shiga ta kunne tana fita ta yatsa. Amma na riga na buɗe baki, na riga na ja numfashi, mutum sama da talatin suna kallona. Sai bakin ya ci gaba da kansa. Kuma da yake a saƙon waya mun saba ganin yara suna sa q a madadin ƙ, haka na karanta shi, da murya irin ta mai labaran ƙarfe bakwai:

“Ƙn bude tƙro dƙ ƙddu huɗu ƙ.”

Wurin ya yi tsit. Har akuyar da ke cin ɓawon lemo a gindin darbejiya ta ɗago kai. Ni kuma, saboda wani taurin kai da ban san ina da shi ba, na shiga layi na biyu. A “kzƙlbƙti” ne maƙogwarona ya sarƙe. Liman ya ce cikin tausayi, “A ba shi ruwa, ƙashi ne ya tsaya masa.” Wani yaro ya ruga ya kawo fiya wata. Na karɓa na sha, don a lokacin ƙashin kifi ya fi mini mutunci a kan gaskiya.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu ina bin hanyata. Amma Ma'aji, wanda bai taɓa yarda da lissafin da bai gani da idonsa ba, ya taso ya leƙo ta kafaɗata, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa har ya iso nan:

Qlhqji yq yi qlkqzqrin nqirq $))))

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, “Ranka ya daɗe, sauran ban gane ba, amma wannan na gane ta. Dala ce. Alhaji dalar Amurka ya yi alkawari.”

Ban taɓa sanin Alhaji yana iya miƙewa ba tare da ya dafa ƙasa ba sai ranar. “Wace dala? Naira na ce! Allah gafarta Malam, kai shaida ne, naira na ce!” Ma'aji ya ce shi bai san wannan ba, dokar ƙungiya ta ce abin da sakatare ya rubuta shi ne magana. Dokar nan kuwa ni na kawo ta a taron baya, har da buga ƙirji. Wani matashi ya zaro wayarsa ya fara lissafin canji da ƙarfi, ya ce da wannan kuɗin ba kwalbati ba, har kwalta za a zuba a layin. Ma'aji ya ci gaba da bincike, ya tarar dubu biyar ɗin mai shayi ta fito %))), ya ce wannan alamar kashi cikin ɗari ce, ke nan wani kaso na cinikinsa ya sadaukar. Mai shayi ya ce a cire sunansa daga ƙungiyar.

Sai masu shawara suka yi caa. Wani ya ce in kashe in kunna. Wani ya ce sabis ne babu, in ɗaga wayar sama. Wani ya ce bayiros ne, kada a bari ta matso kusa da wayoyin mutane, har aka ɗan ja baya. Duk waɗannan na saba jinsu. Wanda ya cika mini ciki shi ne Baba, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi, wani lokaci har Kwatano. Ya sa aka matsa masa, ya tsuguna gaban teburin, ya ɗaga kibod ya duba ƙarƙashinsa, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa yana saurare.

“Ɗana, daga ina aka kawo shi?”

Na ce, “Ɗan Kwatano ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sanin ƙarshen labari. “Shi ke nan. Hannu ne. Ku yara ba ku san 1972 ba. A shekarar aka ce duk motar Najeriya ta bar hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, yadda maƙwabtanmu 'yan Faransa suke yi. Mota lafiya, direba lafiya, amma sai karo. Wannan abin naka a hannun Faransa yake tafiya, kai kuma kana tuƙa shi a hannun Ingila. Canja hannu.”

Na ce, “Baba, yaya zan canja hannu?”

“Na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Gicciya su.”

Ina so in ce na ƙi. Mai unguwa yana kallo, Alhaji yana huci a kaina, dattijo ya ba da umarni. Na zauna, na gicciya hannuwa a kan kibod, na nemo A na danna. Q ta fito. Baba ya ce in ƙara. Q ta ƙara fitowa. Ya ce, “Ai ba rana ɗaya ba ne, mu ma sai da muka ɗauki lokaci.” Ya sa aka ɗauke wayar da fulas ɗin daga dama aka mayar hagu, wai sitiyari ma wurinsa yake bi. Q dai. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce to abin na ladabi ne, ya san halin mutanen. Idan ka ƙetare Jibiya ka isa Ɗan Isa, jandarma ba ya duba takardarka sai ka gaishe shi da harshensa. Ya sunkuya dab da madannai, ya gyara murya, ya ce, “Bonjur, mushe. Sa ba?” Ya saurara. Ya ce mini, “Danna yanzu.”

Wallahi na danna. Har da ɗan fata a raina.

Kiran sallar magariba ne ya cece ni. Aka tashi ba a rufe taro ba, Alhaji yana cewa shi ba zai yi alwala ba sai an goge dalar nan.

Da daddare 'yar yayata, wadda take aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta, ta zo gaishe da uwargida, ta tarar da ni zaune da kibod a cinya. Kallo ɗaya ta yi wa layin sama ta kwashe da dariya. “Kawu, ai wannan AZERTY ne.” Ta ce na Turancin Ingilishi QWERTY ne, tsarin da aka gada daga tafiretar Remington ta Amurka tun shekarun 1870, shi kuwa wannan shi ake amfani da shi a Faransa da Beljiyam da wasu ƙasashen da Faransa ta raina. Ashe kibod ba harafi yake aika wa waya ba, wurin maɓalli kawai yake faɗa mata, ita ce take yanke hukuncin harafin da ke wurin. Tawa tana kan tsarin Ingilishi, don haka inda aka zana A ita Q ta sani, inda aka zana W ita Z ta sani. Lambobi kuma a wurinta ba sa bukatar Shift, shi ya sa da na haɗa Shift da 4 ta ba Alhaji dala, sifilai huɗun suka koma baka-baka. Ta shiga saitin, wurin kibod na waje, ta zaɓi Faransanci, ta miƙo mini. Na danna A, A ta fito, ba ko kunya. Na ce to yaya aka yi hello ta fito daidai a kasuwa? Ta ce in duba, haruffanta duk wurinsu ɗaya a tsarin biyu. Na tambaye ta ƙ da ɗ da ɓ fa? Ta ce waɗannan babu su ko a na Ingila ko a na Faransa, in bar wa gobe, yau na sha isasshe.

Jiya da safe aka yi sallama da ni. Baba ne, da sandarsa, ya zo duba marar lafiya. Na ce an gyara. Ya ce me aka yi masa? Na ce an mayar da wayar kan tsarin Faransa ne.

Ya dube ni ya daɗe. “To ni me na ce maka?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya juya zai tafi, ya waiwayo. “Amma kada ka yi gudu da shi tukuna. Sabon canjin hannu ne.”