Jan Maɓalli

Yayana yana da ƙa'ida guda wajen saye: abin da bai cika ido ba, bai kai kuɗinsa ba. Da ita ya shiga wani shagon kwamfuta a wajajen Post Office wata ranar Asabar, bayan gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidansa.

Uwargida da 'yarsu mai shirin rubuta JAMB laftof suke so. Tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar, dole yarinya ta saba da danne-danne, kuma laftof tana da batir. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a watan Janairu, aka gyara a Maris, aka sake fasawa cikin 'yan kwanaki, ba sai an yi masa wa'azi kan darajar batir ba. Tashar gas mai megawat 50 da Buhari ya buɗe a 2023 ba ta mantar da kowa wancan duhun ba. Uwargida ta kuma tuna masa ambaliyar Alau ta Satumban 2024: da ruwa ya shigo unguwanni cikin dare, wa ya tsaya kwance wayoyi? Abin da ya shiga jaka shi ya tsira.

Yaya ma ba a banza yake magana ba. Kwamfutar tebur da yake so tana zaune a falo, kowa yana ganin abin da yara ke kallo, ɓarawo ba ya soke ta a hammata, in wani abu ya lalace a ciki a cire shi kaɗai a sa sabo, ga arha. Amma ni da na san shi, girman ne ya ja shi. Ya sayi ta hannu, 'yar Amurka, ya rungumo ta a Keke Napep, tunda babur an hana shi a garin tun 2011.

Bayan Magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Babu wuta, sai aka tayar da ɗan ƙaramin janareta. Maƙwabta suka shigo taya murna, har da surukin Yaya, da wani dattijo ɗan fansho wanda ba a taɓa yin abu a layin nan bai ba da shawara ba. Shi ne ya zagaya bayan akwatin da tocilan, ya hango wani ɗan jan maɓalli an rubuta 230.

"Alhaji, dakata," in ji shi. "Wannan janareta naka zai ɗauki ɗari biyu da talatin? Ka ga in ka ture shi gefe yana komawa 115. Rabi ke nan. Ka rage mata ci, ka rage shan mai."

Ga abin da babu wanda ya faɗa a wurin. Wutar Amurka kusan bolt 120 ce, tamu 230. Tsofaffin kwamfutocin tebur suna zuwa da wannan maɓallin ne domin a gaya musu wace wuta za su sha, kuma mai shago ya riga ya daidaita shi. Cajar laftof ba ta buƙatar a gaya mata komai, daga 100 zuwa 240 duk tana karɓa, a jikinta ma a rubuce yake. 'Yar gidan ta buɗe baki ta ce, "Baba, mai shagon ya ce kada a taɓa..." Yaya ya ɗaga mata hannu. Manya na magana.

Da makullin ƙofa ya ture maɓallin. Ya gyara zaman hularsa ta Bama, ya naɗe hannun babbar riga, ya dubi surukinsa, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya jona.

Fau!

Ba wata babbar ƙara ba ce, amma a garin da ya san abin da Maiduguri ta sani, ba a tsayawa auna ƙara. Suruki ya kwanta rubda ciki. Wata maƙwabciya ta suri ɗan da ba nata ba ta yi waje. Janareta ya yi tari ya mutu, duhu ya rufe gidan, sai tocilan ɗin dattijo kaɗai, kuma a kan fuskar Yaya ta tsaya. Yana durƙushe, waya a hannu, murmushin da ya shirya wa baƙi bai gama sauka ba, wani siririn hayaƙi yana fitowa ta bayan akwatin yana bi ta ƙarƙashin hancinsa kamar turaren wutar amarya. Na sha maimaita wannan ɗan lokacin a raina, kuma kullum abin da ke kayar da ni shi ne hannunsa na hagu, wanda ya ci gaba da nuna allon kwamfutar, yana gabatar da ita ga jama'a.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki tiren shayi ta shige ciki, a hankali, yadda kowa zai ji takunta.

Sai shawarwari suka ɓarke. Wani ya ce a binne ta cikin buhun shinkafa ta kwana, haka aka yi wa wayarsa da ta faɗa ruwa. Wani ya ce zafin Borno ne, a jiƙa tawul a lulluɓe ta. Suruki, yana kakkaɓe ƙasa daga gemunsa, ya ce baki ne, ba a nuna sabon abu a bainar jama'a. Yaron da ke kula da janareta ya ce shi dai a duba masa nasa injin.

Dattijon ya sake haska bayan akwatin, ya sunkuya ya shinshina, ya gyaɗa kai irin na wanda bincikensa ya tabbata.

"Alhaji, ka gode wa Allah," ya ce. "A rabi ma ke nan ta yi haka. Da ka bar ta a 230, ai da yanzu babu gidan."